Babban Yatsan Ilu Na-Jamus

Wani mutum ne a ɗakin bincikenmu, Dakta Ilu, amma kowa Na-Jamus yake ce masa. Ɗan kwas ya taɓa zuwa Jamus, ko sanyin ƙasar bai gama shiga jikinsa ba ya dawo, tun daga nan ba mu huta ba. Har tabon da ke babban yatsansa, cewa yake a can gilashi ya yanke shi. Ni dai haushinsa nake ji, ba na ɓoyewa.

Aikinmu ƙananan gilasai ne. Ana shafa musu wani sinadari da ido ba ya gani, shi ke riƙe ƙwayoyin halitta kamar danƙo, sannan na'ura ta haska ta nuna ko akwai cuta. Doka ɗaya ce: ba a taɓa fuskar gilashin da hannu.

Ranar da Farfesa Talatu za ta zo daga hukuma ta zaɓi shugaban ɗakin, Ilu ya ci babbar riga, ya karya kumallo da kilishi. Kujerar nan yake so kamar ransa zai fita. Ya shigo ya tarar da gilashin da abokiyar takararsa Dakta Saratu ta sha wahalar haɗawa. Ya ga ba ya sheƙi. Ya waiga, ba kowa. Ya hura masa iska, haa, ya murza da babban yatsa ƙiii, kamar mai goge tabarau, ya mayar.

Farfesa ta iso. Saratu ta sa gilashin a na'ura. Maimakon ɗigo-ɗigo a jere, sai ga wasu layuka kore shar sun cika allo, suna murɗewa.

Saratu ta matsa kusa da allon tana dubawa. Gogan naka kuwa ya gyara hula, ya sha gabanta.

"Ranki ya daɗe, Saratu ba za ta gane wannan ba. Ƙwayar halittar ce da kanta. Kin ga yadda take nannaɗewa? A Jamus kaɗai na taɓa ganin irinta."

"Ikon Allah," in ji Farfesa. "Wannan layin da ya ratsa tsakiya fa?"

"Cutar ke nan. Muguwa ce. Mai wannan jinin sai addu'a."

Yana magana yana nuni da babban yatsa. Farfesa ta dubi allo, ta dubi yatsan, ta sake duban allo.

"Dakta, ɗan ɗaga shi kusa da hoton."

Ya ɗaga. Ga tabo a yatsa, ga tabo a allo, kamar an tsaga kara. Sai ƙamshin kilishi ke tashi daga yatsan.

Farfesa ta juya ga Saratu. "Ke za ki riƙe ɗakin nan. Ki fara da mara lafiyar nan, a sama masa safar hannu, mu kuma za mu taya shi da addu'a."