Rasuwar Baƙa, Randar Giyar Zuma ta Gidan Bollamma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har da abin da ya fi baƙin ciki zafi, Iya Bollamma ta gangaren gonar kofi ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar randarta Baƙa, wadda ta fashe ranar Talata a ɗakin ajiya.

Marigayiya ta zo gidan nan tare da kakar Bollamma. Tun daga lokacin ba ta taɓa cin komai ba sai zumar daji da gwaba nunanniya, kuma ba ta san yis na kanti ba. Lakar da ke kwance a gindinta ita ce yis ɗinta, ba a taɓa wanke ta ba, ita ke tayar da kowace sabuwar giya. Baiwar Allah ba ta da hayaniya. Iyakarta "bul... bul..." a ƙarƙashin ƙyallen da ake rufe mata baki don ta yi numfashi.

Ciwon ajali ya same ta ne a hannun Chengappa, mijin 'yar Bollamma, mai ganin ya fi kowa sani. Tsohuwa Bollamma ta tafi dubiya, sai gogan naku ya kankare lakar nan tas wai datti ce. Ya ɗura mata zumar bakin titi, wadda ko ƙuda ya san sukari ne, ya antaya yis na burodi, sannan ya ɗaure bakinta da roba tamau. Marigayiya ta yi ta "tsss" ba mai ceto. Kalmarta ta ƙarshe "tau!" ce.

Ta bar ludayi ɗaya, ƙyalle maraya, da kofuna waɗanda za su shiga bikin sabuwar shinkafa a bushe, abin da bai taɓa faruwa a gidan nan ba. Bollamma ba ta yafe ba, kuma ta ce kada kowa ya wahalar da bakinsa wajen ba ta haƙuri.

Za a binne gutsattsarin gobe da hantsi a bayan madafi. Chengappa ne zai haƙa ramin, da cokali. Zaman makoki kuwa sai ranar bikin, gaban dangi duka: duk wanda ya miƙo kofi za a cika masa da ruwan ɗumi, a nuna masa inda Chengappa yake zaune.