Jirgin da Babu Shi Ya Take Ni

Ranar Litinin da hantsi jirgin ƙasa ya take ni, na mutu nan take, ni da jami'in da ke zaune kusa da ni. Shi jami'in ne ya sanar da ni rasuwar tamu, cikin ladabi, yana rubutu a takardarsa. Daga nan muka fito daga mota, muka rusuna wa juna, na kama hanyar gida. Karo na biyar ke nan da na faɗi jarrabawar tuƙi.

Ku yi dariyarku, na yafe. Ni ne Kuwabara mai awara, na ƙauyen Nukazawa a ƙasar Japan. Shekarata sittin da uku, arba'in da ɗaya daga ciki a bayan sitiyarin 'yar farar a-kori-kurata na yi su, ina raba awara gida-gida, ban taɓa take ko kwaɗo ba. Laifina ɗaya. Katin da ake aiko wa mutum don ya je ya sabunta lasisi ya iso gidanmu a watan da ƙodojin matata Sumiye suka daina aiki. Ina ta zaryar asibiti, katin ya shige ƙarƙashin tarin takardun magani. Sai bayan shekara ɗaya da wata biyu na farga. Na je ofis da gudu, wata baiwar Allah ta duba kwanan wata, ta rusuna, ta ce tunda an haura shekara, sai dai in koma farko kamar wanda bai taɓa ganin mota ba.

Ba don awara nake wannan fafutukar ba, masu saye suna zuwa har gida. Sumiye ce. Duk Talata da Alhamis da Asabar sai an yi mata wankin ƙoda, awa huɗu a jikin na'ura, a asibitin da ke kilomita talatin da takwas daga ƙofar gidanmu. Likita bai ɓoye mana komai ba: in ta tsallake sau biyu a jere, ruwa zai taru mata a ƙirji, numfashi ya gagara. 'Yarmu Chizu tana can birni da aiki da goyo. Mai tasi ɗaya tilo da muke da shi ya yi ritaya. Bas kuwa ranar Juma'a kawai take leƙo mu.

A da muna da jirgin ƙasa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka rufe layin, ciyawa ta cinye dogon. Kowane zaɓe ɗan siyasarmu Mai Girma Uban Alkawura yakan zo a mota mai lasifika, ya rusuna mana har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya rantse jirgi na nan dawowa. Kuma a gaskiya bai yi mana rowa ba. An kafa mana dutsen tunawa a tsohuwar tasha, an yanke ƙyalle. An ɗinka wa wani ma'aikaci rigar soso mai siffar jirgin ƙasa, da ido da murmushi, yana zuwa bikin kaka yana ɗaga mana hannu. Duk faɗin Japan ban san ƙauyen da aka karrama jirginsa kamar namu ba.

Wata uku maƙwabcina Baba Dobashi, manomin albasa, shi ke kai Sumiye. Shekararsa tamanin da huɗu, lasisinsa lafiya lau. Baba yana tuƙi a kan farin layin tsakiyar titi, don ya ce shi kaɗai yake iya gani.

"Baba, ga mota nan tafe," in ce masa.

"Ai ta gan ni."

"Baba, wannan danjar ja ce."

"Kai Kuwabara, wa ke da lasisi tsakanin ni da kai? To ja bakinka."

Na kuwa ja. Sai dai ɗansa ya zo ran nan ya ga gefen motar duk ya lotse, ya karɓe makulli, ya ce ranar Lahadi zai ɗauke tsohon ya kai shi birni. Wato jarrabawar Litinin ita ce damata ta ƙarshe kafin Talata.

Wanda bai taɓa zuwa filin jarrabawar ba, bari in ba shi labari. An gina gari guda na ƙarya: tituna, danja, tudu, lungu mai lanƙwasa, ba mutum ko ɗaya. A tsakiya akwai layin dogo mai tsawon taku shida, ya fara daga ciyawa ya ƙare a ciyawa, ana goge shi yana ƙyalli. Doka ta ce in ka iso nan ka tsaya cik, ka duba dama, ka duba hagu, ka sauke gilashi, ka saurara ko jirgi na zuwa.

Karo na farko ko dogon ban kai ba. Na buɗe ƙofa na shiga mota kamar yadda mutane ke shiga mota. Jami'in jarrabawa, Ranka Ya Daɗe Mai Farar Safar Hannu, ya bar ni na yi 'yar tafiya, sannan ya ce mu koma. Ashe sai na zagaya motar tukuna, na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta, ko kyanwa na kwance. A filin da aka kewaye da waya, wanda ko tsuntsu bai isa ya sauka ba sai da izini.

Karo na biyu na leƙa wa kyanwa har da kiranta. Na iso dogo na tsaya, na duba dama da hagu, na wuce. Ban sauke gilashi ba. Na uku na sauke.

"Kuwabara-san, ka buɗe taga," in ji Ranka Ya Daɗe, "amma ba ka saurara ba."

"Ranka ya daɗe, ta yaya ka gane?"

"Fuskarka ba ta nuna ba."

Awa guda kafin a fara, akan buɗe ƙofar filin don masu jarrabawa su zaga shi da ƙafa. Ku zo ku ga manya da furfurarsu sun yi layi a kan kwalta, kowa ya riƙe sitiyarin iska, yana waiwaye, yana kunna sigina da yatsa. A bakin danja mukan tsaya mu jira kore. Wani akawu ya taɓa karo da ni ta baya, muka tsaya muna ba juna haƙuri, har ya duba ko na lotsa. A nan na haɗu da Madam Ogiso, mai shagon gyaran gashi, wadda ke zuwanta na tara.

"Kai mai awara, wa ya ce maka kunne ake dubawa?" ta ce. "Wuya ake dubawa. Karkata kai haka, ka ɗan tsuke ido, kamar surukarka na magana a ɗaki na gaba."

"Har tsawon yaushe?"

"Da na sani, da ka gan ni a nan?"

Karo na huɗu na karkata kai, na tsuke ido, na saurara da zuciya ɗaya. Ranka Ya Daɗe ya ce na daɗe da yawa, na tare wa na baya hanya. Na waiwaya. Babu kowa a bayanmu sai gajimare.

Sai ga Litinin. Na zagaya mota, na gaida kyanwa, na gyara madubi, na bi lungu ban taɓa gefe ba, na hau tudu na sauka kamar ruwa. Ta wutsiyar ido na ga alƙalamin Ranka Ya Daɗe bai motsa ba ko sau ɗaya. Na iso dogo, na tsaya, dama, hagu, gilashi, wuya. Abin da ban sani ba shi ne, a makon nan hukuma mai tausayin talaka ta kafa sabuwar lasifika a cikin ciyawar, don jarrabawa ta ƙara kama da gaske. Ina karkata kai sai na ji ƙararrawa, na ji kukan jirgi daga nesa, irin na ƙarfe bakwai da rabi wanda Sumiye ke shiga zuwa kasuwa. Shekara goma sha ɗaya rabona da wannan sautin. Ni da hankalina, na san dogon taku shida ne, amma sai da na miƙa wuya ta taga ina neman jirgin. Ƙafata ta zame daga kan kuloci, mota ta yi tsalle ɗaya ta hau dogo ta mutu.

"Jirgi ya take mu, Kuwabara-san," in ji Ranka Ya Daɗe. "Mu biyu duk mun rasu."

"To tunda mun riga mun rasu, ranka ya daɗe, ka sa min hannu mana. Wa zai tuhumi mamaci?"

Bai yi dariya ba. Na ajiye wasa na gaya masa gaskiya, na ce gobe Talata matata na da wankin ƙoda kuma ba mai kai ta. Ya saurare ni har ƙarshe, kuma fuskarsa ta nuna. Ya rusuna sosai, ya ce abin ya taɓa masa zuciya, ya ba ni ranar dawowa nan da mako uku, haɗe da wata 'yar takarda mai launi a kan muhimmancin bin doka.

Na iso gida. Sumiye na zaune ta ɗora ƙafafunta a kan matashi, sun fara kumbura. Can na ce gobe zan ɗauki mota in kai ta, in an kama ni a kama.

"Su ɗaure ka, wa zai kai ni ranar Alhamis?" ta ce. "Baban Chizu, miƙo min jakar nan ta cikin aljihun tebur."

Ta zaro kati ta ajiye a gabana. Lasisin tuƙi, da sunanta, da hotonta, da zanen ruwan zinare irin wanda ake ba direban da bai taɓa yin laifi ba. Ta ci jarrabawarta tun kafin a haifi Chizu, a zama ɗaya, ta ajiye katin, ba ta sake taɓa sitiyari ba shekara talatin da shida. Duk shekara biyar takan je a gwada mata ido, ta kalli fim na rabin awa, a sabunta mata. Ni ne ma nake kai ta. Ban taɓa ɗaukarsa lasisi ba, na ɗauka katin karɓar saƙo ne a gidan waya.

"Maman Chizu, kin san inda birki yake?"

"Ina ruwan hukuma da wannan? Kai ka iya, ni aka yarje wa. Sai mu haɗa."

Haka muka yi jiya Talata. Ita a kujerar direba, ƙafafu nata. Ni a gefe, giya da birkin hannu da rabin sitiyari nawa. "Taka na hagu! Saki a hankali! A hankali na ce!" "Kar ka yi min ihu, ni ce direba!" Awa biyu muka yi a hanya. Na ƙirga motoci goma sha huɗu a bayanmu, kuma kun san mutanenmu, ba wanda ya danna oda. Da muka sami fili muka raɓe, kowace ta wuce tana ƙyafta mana fitilun godiya.

Dawowar ce ba ta da daɗin faɗa. Wanda aka yi wa wankin ƙoda yakan fito jiki ba ƙwari, jiri na ɗibarsa. Da, takan kwantar da kujera ta yi barci har gida. Jiya sai ta hau kujerar direba da bandeji a hannu, leɓɓanta sun yi fari. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a mota ba, na kuma ji kunya, ni da ƙafafuna biyu lafiyayyu a naɗe a gefe. Na ɗora hannuna a kan nata muka riƙe sitiyarin tare, ina ta ja mata hira don kar idonta ya rufe.

Daf da gada sai ga motar 'yan sanda a bayanmu. Na janye hannuna da sauri. Da kyar muka tsaya, ni da birkin hannu. Jami'in ya leƙo, ya ce a titin da aka yarda da gudun kilomita hamsin muna tafiya a kan goma sha biyar, ko lafiya? Ya nemi lasisi, Sumiye ta miƙa da hannu biyu. Yana ganin zanen zinaren ya gyara tsayuwa.

"Shekara talatin da shida ba laifi ko ɗaya! Uwa, da kowa irinki ne, da mun huta." Ya dube ni. "Maigida fa, yana tuƙi?"

"Yana dai koyo," in ji Sumiye. "Sau biyar yana faɗuwa."

"To Baba, ka riƙa lura da yadda take yi. Ga makaranta a gida."

Na ce na gode, zan lura. Ya sara mata, ya shiga motarsa ya tafi. Muka bi motar da ido har ta ɓace. Sumiye ta jingina kai da kujera ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta buɗe, ta dubi ƙasa wajen ƙafafunta, ta ce a hankali, "Baban Chizu, wanne ne ma birkin?"

Na sunkuya na kama ƙafarta na ɗora a kai.

Saura zuwa asibiti sau takwas kafin ranar da aka ba ni. Don haka duk mai bin hanyar Nukazawa gobe Alhamis, in ya hango farar a-kori-kura da kawuna biyu a manne wuri ɗaya, ya taimaka ya ba mu titin gaba ɗaya. Kada ya damu, komai namu bisa doka yake.