Rasuwar Tsohuwa, Bindigar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Baba mai gadin gonakin bakin daji ke sanar da 'yan'uwa, da abokan arziki, da manoman da suka ci moriyarta, rasuwar bindigarsa, wadda kowa ya sani da Tsohuwa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan bencin aikin maƙeri, bayan jinyar da aka daɗe ana ɓoyewa. Babu wanda ya san shekarunta. Baba ya gaje ta daga mahaifinsa, shi ma a tsufe ya same ta, kuma ta riga babbar 'yarsa, wadda aka ɗora wa nauyin rubuta wannan sanarwa, zuwa gidan.

Marigayiya mai kamun kai ce. Ba ta magana sai an tambaye ta, in ta yi kuwa sau ɗaya ya isa. Shekara arba'in da ɗaya tana tsare masarar mutane daga birai da gyado, ba ta taɓa nuna ɗan'adam ba. Harsashi biyar take ɗauka a cikinta, ta miƙo su ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga sakata, a ja baya, ta ce ƙaras, ta tofar da kwanso. A tura gaba, ta sake cewa ƙaras, sabo ya shige. Yaran gidan sun tashi da wannan sauti kamar yadda wasu ke tashi da tarin kakarsu. Ba a ce ba ta da aibu ba. Tana da nauyi, tana da shuri, kuma Inna ta sha faɗin cewa man da Baba ke shafa mata ya isa ya rufe bakin duk ƙofofin gidan da ke kuka.

Ciwon ya fara ne da masara ta soma goyo. Harsashin farko ya fita lafiya, na biyu ya ƙi hawa. Wani lokaci sakata ta wuce ta kansa ta rufe a kan wofi, wani lokaci ya karkace ya tokare. Baba ya ce datti ne, ya wanke gidan harsashin da kananzir. Ya ce harsasan ne suka tsufa, ya sauya su. Ya zaro sifirin, wato lanƙwasasshen ƙarfen da ke turo harsasai sama, ya miƙar da shi da hannu, abin da shi da kansa ya sha hana wasu yi. Duk wannan a ɗaki ya yi shi, ƙofa a rufe, bai gaya wa kowa ba. Wannan ɓoyon ne har yau yake hana shi cin abinci.

Ranar Alhamis da ta wuce, da sassafe, wani ƙaton gyado ya shiga gonar ƙarshe. Baba ya tafi da karnukansa biyu da surukinsa, mijin autarsa, wanda matarsa ke da tsohon ciki. Surukin ya zagaya don ya koro dabbar, Baba ya durƙusa a bakin kunya yana jira. Harbin farko ya samu gyadon a cinya. Bai faɗi ba. Ya juya, ya sunkuyar da kai, ya nufi surukin, wanda ba shi da komai a hannu sai sanda.

Baba ya ja sakata, ya tura, ya danna kunama. Tsohuwa ta ce ƙyat. Babu komai a ciki. Tsakanin dabbar da surukin bai fi taku ashirin ba. Ya sake ja, harsashin ya taso a karkace ya tokare bakin. Ya doke sakatar da tafin hannu, ya sa farce yana ƙwaƙula, yana ganin masara na karyewa a jere. Surukin ya yi tuntuɓe ya faɗi, haure ya tsarge masa ƙwauri. Karnukan ne suka rataye a kunnen gyadon har ya saki ya shige daji. Baba ya tuɓe rigarsa ya ɗaure ƙafar, jini na tsiyaya ta tsakanin yatsunsa. An yi ɗinki goma sha huɗu. Autar ta dubi mahaifinta kawai, kuma ya ce da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Manoma suka aiko cewa ko a gyara bindigar kafin Asabar ta mako mai zuwa, ko a ba wani gadin.

Aka kai marar lafiya wurin maƙeri, tsohon abokin Baba. Ya zare gidan harsashin, ya kankare daskararren mai na shekaru, ya daidaita leɓunan da suka ɗan buɗe, ya jefar da sifirin da Baba ya miƙar yana tsaki, ya sa sabo. Ya loda harsasan gwaji marasa albarushi. Ƙaras, ƙaras, biyar suka fita a jere. Ya maimaita sau uku. Fuskar Baba ta washe, har ya miƙa hannu zai ɗauki jakarsa.

Amma maƙerin yana da ƙa'ida: ba ya sallamar bindiga sai mai ita ya sarrafa ta a gabansa. Baba ya karɓa, ya ɗora a kafaɗa. Na farko ya fita. Na biyu ya tokare. Ya sake, ta rufe a kan wofi. Maƙerin ya daina kallon bindigar, ya koma kallon gwiwar hannun abokinsa. Irin wannan sakata sai an ja ta har ƙarshe ta bugi iyakarta kafin ta ɗauko sabon harsashi. Hannun Baba kuwa yana tsayawa saura faɗin yatsa biyu, tun ciwon kafaɗar da ya yi bara ya ce ya warke.

Maƙerin ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Abokina, zan ce wa manoma ƙarfen ne ya cinye, ba ta gyaruwa," in ji shi. "Ka tafi da abarka gida. Babu wanda zai ji komai daga bakina."

"In na koma da ita da rai, wallahi gobe zan fita da ita," in ji Baba. "Na san halina. Cire mata allurar."

"Lafiyarta ƙalau fa."

"Na gani. Cire."

Maƙerin ya kwance sakatar, ya zaro allurar da ke sarar harsashi, ya saka ta a gwangwani. Ta ce ƙil. Wannan ne sautin ƙarshe da aka ji daga marigayiya.

Mai wannan rubutu ta so ta rubuta cewa tsufa ne ya kashe ta. Baba ya hana. "Ki rubuta yadda aka yi," in ji shi. "Shekara arba'in da ɗaya ba ta yi mini ƙarya ba, ba zan yi mata ƙazafi ranar mutuwarta ba."

Ta rasu ta bar harsasai uku, waɗanda za a miƙa wa hukuma tare da lasisi, da sandar goge bututu, da rabin kwalbar mai, da karnuka biyu da har yanzu suke tsayawa a ƙofa kowace safiya suna jiran a fita. Ta kuma bar Baba.

Za a rataye ta ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bangon zauren gidan. Ana karɓar gaisuwa daga nan har la'asar, kuma surukin ya ce zai zo ko da sanda. Baba ya ce shi zai ɗaga ta da kansa. Ƙusar tana sama da kafaɗarsa. Ana roƙon duk wanda ya ga hannun ya tsaya a hanya da kada ya taya shi, ya kau da kai kawai, ya jira.