Kakan da Na Aro a Mujallar Kaboyi

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je gaida Baffa Ilyasu ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. Shi ne waliyyin Hadiza, wadda nake nema da aure, kuma ya ce sai ya gan ni ido da ido kafin manyana su taka ƙofarsa a unguwar Ammariyya, nan Jidda. Hadiza ta riga ta ja mini kunne: mutumin Tawa ne, gidansu gidan shanu ne kaka da kakanni, kuma saurayin da bai san asalinsa ba, ba ya shan shayin Baffa sau biyu.

To ni a nan unguwar Hindawiyya aka haife ni, nan aka haifi babana. Saniya kuwa a rataye na santa, a shagon mahauci. Abin da na sani game da kakana kaɗan ne: ya taho hajji a ƙafa, ya zauna yana ga-ruwa da garwa a kafaɗa har Allah Ya yi masa rasuwa. Na yini ina juya wannan tarihi a wurin aikina a Madinar Masana'antu, na ga ya yi mini ƙanƙanta a gaban mutumin da ya gaji garke.

Sai dai ina da nawa ilimin shanun. Tun ina yaro nake tara tsofaffin mujallun kaboyi masu zane, waɗanda aka fassara da Larabci, takardunsu duk sun yi ja don tsufa. Akwai wadda na haddace kamar karatun allo, labarin wani mai faffadar malafa da ya koro garke daga jeji zuwa tashar jirgin ƙasa. Shafukanta na ƙarshe sun yage tun kafin ta zo hannuna, don haka ban taɓa sanin yadda ya ƙare ba.

Na tarar da Baffa da abokansa biyu a falo, na durƙusa na gaishe su. Aka zuba shayi.

"Ya waladi, ɗana," in ji Baffa, "kakanka me yake yi a can ƙasarmu kafin ya taho?"

Amsar gaskiya ita ce ban sani ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kiwo, Baffa."

"Masha Allah! Shanu?"

Da na ce e na yi shiru, da na tsira, don ba a san mai neman aure da surutu a gaban surukai ba. Amma na ga fuskarsa ta saki, sai daɗi ya kwashe ni. Na ɗora kakana a kan doki. Na ba shi igiya wadda yake kaɗawa a sama ya cafko ɗan maraƙi yana gudu. Na sa shi ya ƙetare kogi da garke ruwa na cin ƙirjin dokinsa. Na kawo ɓarayi masu ɗaure fuska da ƙyalle, suka yi harbi sama, shanu suka firgita suka watse. (Bindiga biyu na so in rataya masa a ƙugu, na ga abin zai yi yawa, na bar masa ɗaya.)

Abokan Baffa suka dubi juna. Shi kuwa ya matso.

"Dokin nasa, mai farin goshi ne?"

"Shi ne, Baffa!"

"Mai dafa musu abinci kuma gurgu ne, kullum wake da gahawa?"

Nan na ajiye shayin, don haka yake a mujallar. Amma wanda ya yi nisa haka ba ya juyawa cikin sauƙi, sai na yi sauri na rufe labarin da ƙarshen da na ƙirƙira: kaka ya kai shanu tasha, ya sayar, ya kamo hanyar Makka.

"La', la'," in ji Baffa, yana girgiza yatsa. "Ba haka aka yi ba. Kakanka harbinsa aka yi a kafaɗa a kan gada, ya yi jinya, ya auri 'yar mai otal. Yana shafukan ƙarshe. Taka babu su, ko?"

Ashe farkon zuwansa Jidda, kafin ya buɗe shagon yadi, tsofaffin mujallu yake bazawa a ƙasa a bakin kasuwar Balad. In babu ciniki sai ya zauna ya karance su. Waɗanda suka yage kuma yaran Hindawiyya yake sayar wa da araha.

Ɗaya daga cikin abokan Baffa ya yi dariya har ya ƙware. Daga bayan labule na ji wani sauti da na tabbata na Hadiza ne, ban dai tantance ko kuka ne ko dariya ba. Kunya ta rufe ni, na ƙura wa kafet ido, na riga na sallama auren a raina.

"Yalla," in ji Baffa, "yanzu ba mu na gaskiyar."

Na faɗa masa, kaina a ƙasa: tafiyar ƙafa, garwa, ruwan da ya yi ta kai wa gidajen mutane har bayansa ya ranƙwafa. Ban taɓa faɗin wannan da bakina a gaban kowa ba.

Baffa ya ƙara mini shayi.

"Halas, shi ke nan. Wannan za mu iya ba jikansa mata. Wancan na karance shi daga farko har ƙarshe, ban ga inda ya yi alwala ba. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure. Har yau a dangin Hadiza babu mai kirana da sunana, Jikan Kaboyi ne, kuma duk Babbar Salla sai wani ya miƙo mini igiya ya nuna mini rago. Abin da na koya shi ne, in za ka je gidan surukai, ka tafi da kakan da Allah Ya ba ka. Na aro, ba ka san a hannun wa aka saye shi ba.