Zaren da Kuka Yanke wa Ɗana

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Laimar Zinariya, uban masoyan talabijin, mai haɗa zukata bisa kwangila, a bene na talatin da ɗaya, Bangkok.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta haɗa tafin hannu har goshi, irin wadda muke yi wa manya, ina fatan kana lafiya, masu ba ku talla suna lafiya, ribar bana ma ta kwana lafiya.

Sunana Bunruean, mai sayar da kwaɗon ɗanyar gwanda da gasasshiyar kaza a bakin tashar motar Kalasin. Ni na haifi Kraisit, tauraron shirinku na daren Juma'a, wanda mu a gida muke kira Tui. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin manya a haikalin garinmu, don kawai in iya karanta sunansa idan ya wuce a ƙarshen shiri. Ashe karatun zai kai ni har ga takardar kwangilarku. Ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina yi muku barka da gano cewa namiji yana iya son namiji. Ni tun Tui yana aji uku na sani, lokacin da yake dawowa da tsagaggiyar riga, a zamanin da talabijin ba ta nuna irinsa sai don a yi dariya. Ban ga laimarku ba a lokacin. Wataƙila ruwan bai fara kawo kuɗi ba. Ranar da ya je gwajin shiga shirinku ya faɗi gaskiyar ko shi wane ne, mutanenku suka ce tafiyarsa ta yi laushi, wai 'yan mata masu sayen tikiti sun fi son wanda za su yi mafarkin aura. Wata uku kuka yi kuna koya masa ya zama wanda ba ya son maza, domin ya iya fitowa a matsayin mai son maza. Ranka ya daɗe, wace makaranta ake koyon wannan hikima?

Na biyu. A kashi na takwas, Tui yana tsaye cikin ruwan sama yana gaya wa abokin fitowarsa Itthi cewa ba zai iya rayuwa ba shi ba. Duk tasha muka zuba wa talabijin ido, har direbobi. Sai ya tsaya, ya buɗe kofin taliya, ya juyo da sunan kamfanin yana kallonmu, ya ce romon ya fi na bara yaji. Maƙwabciyata Somchit mai sayar da ƙanƙara ta taɓo ni ta ce, "Yaya, wai surukin naki Itthi ne ko taliyar?" Yaron da ya tashi da shinkafa mai danƙo, ko warin taliyar nan ba ya so.

Na uku. Itthi yaron kirki ne, yana gaishe ni da Inna. Matarsa ma kirki gare ta, da 'yarsu mai haƙora biyu. Na san su ne a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin beninku, inda kuke ɓoye mutanen da taurarinku suke so da gaske. A nan matar take zama a mota. A motar gefenta kuma Wirat ne, ma'aikacin jinya, wanda suke tare da ɗana shekara bakwai. A sama ana sayar wa dubban mutane hoton Tui da Itthi suna shan lemo a kofi ɗaya, a ƙasa su biyun nan suna raba gyaɗa suna jira a tashi. Kowane watan Yuni, watan bikin masu son jinsinsu, kukan shafa wa laimarku launin bakan gizo, ranar ɗaya ga Yuli a wanke ta tas. Shirin da kuke sayar wa ƙasashen da ba sa son irin wannan soyayya kuwa, an ce kun yanke sumbar kun mai da su aminai. Soyayyar taku tana da kyau, ana iya cire ta a mayar kamar murfin tukunya.

Na huɗu, kuma wannan ne ya hana ni barci. A bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu ta bana Tui ya zo gida a rame. Na kira tsofaffin unguwa muka ɗaura masa farin zare a wuyan hannu, muka kira kurwarsa ta dawo jikinsa ta zauna. Ko ɗan yaye a nan ya san zaren nan sai ya kwana uku, kuma ba a sa masa almakashi. Kwance shi ake yi, ko a bar shi ya faɗi da kansa. Washegari ya koma aiki. Mai yi masa kwalliya ta ɗauki almakashi ta datse, wai yana rufe agogon da yake talla. A waya ya gaya mini yana dariya, irin dariyar da uwa ta san ba dariya ba ce. Tun ranar nake tambayar kaina, ina kurwar ɗana take yawo? A beninku take, ko ta bi agogon? Idan kun gan ta a ma'ajiyar kaya, don girmanka a sako mini ita a motar safe.

Na biyar. Yanzu da doka ta yarda namiji ya auri namiji, Tui da Wirat suna so su yi aure. Tsohon da ke duba mana ranaku ya zaɓi tara ga watan gobe. Sai ga sashe na goma sha huɗu na kwangilarku: ba za a ga ɗana da wani masoyi ba, in ba Itthi ba, har nan da shekara biyu. Kwana uku na yi ina bin sashen nan da yatsa, ko na karanta ba daidai ba. Daidai na karanta. Kamfanin da ya buga riguna yana murnar dokar auren, shi ne ya hana auren.

Ban manta da alherinku ba. Wata ma'aikaciyarku mai zaƙin murya ta kira ni, ta ce tunda na riga na sayi zaren ɗaurin auren, me zai hana a yi bikin da Itthi, a kawo kyamara, masu taliya su ɗauki nauyin abinci? Har ta ce za a ba ni sabon zane in yi kuka a gaban kyamara, sau biyu idan na farko bai fito ba. Na gode. Kukana na gida ne, ba ya maimaituwa.

Wirat bai taɓa ɗaga murya ba. Ran nan yana taya ni fere gwanda ya ce, "Inna, na gaji da zaman mota." An yi masa tayin aiki a wani asibiti a ƙetare, kuma ƙarshen watan gobe zai ba da amsa. Shi ne ya yi ta kwana a gindin gadon mijina yana jinyarsa har ya cika. Idan ya tafi, ku za ku sami wani tauraron kafin taliya ta dahu. Ni ina zan sami wani Wirat?

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Ina tsoron ku kori ɗana, ina tsoron 'yan matan da suka yi kuka dominsa su koma zaginsa, ina tsoron lauyoyinku masu takalma masu ƙyalli. Shi ya sa na ba Tui da Wirat wasiƙar nan suka karanta su biyun kafin in aika wa jarida. Tui ya daɗe yana kallonta. Ya gyara mini kalmomi huɗu. Sunan Wirat bai taɓa shi ba.

Na sake bin kwangilar tun daga shafin farko har na ƙarshe. Ta hana ɗana faɗa, ta hana Itthi faɗa, ta hana mai kwalliya da direba. Ban ga sunana a ciki ba. Da alama ba ku zaci mai gwanda za ta iya karatu ba.

To ga shi na faɗa. Ranar tara, da hantsi, a gidana da ke bayan tasha, zan ɗaura wa Tui da Wirat zare, su raba dafaffen ƙwai ɗaya su ci. Itthi ya ce zai zo da matarsa, ta ƙofar gaba. Kai ma ana gayyatarka. Akwai tabarma, akwai kaza, kuma na ware maka zare guda, don ina jin taka kurwar ta fi ta kowa daɗewa a waje. Kyamara dai a bar ta a mota, can inda kuka saba barin mutane. Almakashi kuma na ɓoye duk na gidan.

Taka mai biyayya, mai sunkuyar da kai har ƙasan beninku, wadda ba ta sa hannu a komai ba,

Bunruean Phonsaen
Mai gwanda, rumfa ta uku, tashar motar Kalasin