Ranar da Na Tuƙa Albasa a Ruwan Zamzam

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da wana, Yaya Bawa, ya zo Hajji ya sauka a ɗakinmu na unguwar Mansur a Makka ba, don tun kafin ya iso nake cikin fargaba. Maigidana, Baban Sani, ya riga ya gaya mini cewa da an sauko daga Mina ya gama da dakon kayan alhazai, za mu tattara mu bi Yaya zuwa Yauri, su haɗa hannu a sana'ar kamun kifi. Ni kuwa 'yar masunta ce a baki kawai. A goye aka kawo ni Makka, ruwan da na sani shi ne wanda sakka, wato mai ga-ruwa, yake kawo mana a garwa. Ga ɗana Sani, ɗan yaye, wanda ko randa ya gani sai ya leƙa.

Yaya bai taimake ni ba ko kaɗan. "Auta," in ji shi, "Kwarar da kike jin labari ba ita ba ce yanzu. Tun da aka datse ta, ta zama teku. In iska ta taso da la'asar, kwale-kwalen icce sai ya koma ludayi a tukunya."

Wai turawan aikin kifi sun kawo jirage iri biyu, kowa ya zaɓa. Ɗaya na gorar ruwa, wato alminiyom, irin ta kwanonina. Ɗaya kuma na wani abu wai shi faiba, wanda Yaya ya kasa kwatanta mini. Ba katako ba ne, ba ƙarfe ba ne, "kamar roba ce da ta ci ta ƙoshi."

Kullum bayan cin tuwo sai gardama. Baban Sani ya ce faiba, ya gan shi a Jidda, yana da nauyi, yana zama daram a kan igiyar ruwa. Yaya ya ce, "Kai ɗan birni, ka san kututturan da ruwa ya binne? Ya daki ɗaya ya tsage, wa zai ɗinke maka a Yauri? Gorar ruwa lotsawa take yi, maƙeri ya buge ta." Baban Sani ya ce, "In iska ta bar ku kun kai wurin maƙerin ba. Abin da ba shi da nauyin faifai!" Duk wanda ya yi magana a ƙarshe, shi nake ganin ya fi gaskiya. Wata rana ma suka yi musayar ra'ayi ba su sani ba, kowa yana kare jirgin ɗan'uwansa da rantsuwa. Ni dai Sani nake gani a tsakiyar ruwa.

Ranar Juma'a suka tafi Harami, na ce bari in raba gardamar nan da kaina. Na ga garwa cike a bayan ƙofa, an rufe ta da farin ƙyalle (har na yaba wa sakka, na ce yau tsabta ta motsa masa). Na juye ta kaf a daron wanki. Na ɗauko kwanon miya na gorar ruwa, na ɗauko 'yar robar da Sani yake cin abinci, na ɗora su a kan ruwa. Jirgi kuwa ba ya tafiya ba mutane, sai na zaɓo albasa uku: ƙatuwa ita ce Yaya, doguwa Baban Sani, 'yar mitsitsiya kuma Sani.

Na jera su a cikin robar, na durƙusa na kama fifita da mafici. Abin mamaki, robar da aka ce ita ce mai zama daram, ita ta fara tserewa, har ta watsar da su. Na mayar da su cikin kwano, shi kuma ya yi ta juyi a wuri ɗaya kamar mai neman alƙibla. Na ce ko iskar ce ba ta kai ta Yauri ba? Na ajiye mafici na ɗauko faifai, ina kaɗawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana girgiza daro. Na sauya jirgi, na sake sauyawa, har na manta wanne nake goyon baya. Can sai kwano ya karkata, 'yar ƙaramar albasa ta faɗa ruwa.

Wallahi ban san lokacin da na ƙwala ihu ba. "Sani! Wayyo Sani! Yaya Bawa ka kama shi mana, ƙaton banza, kana zaune kana kallo!"

Sani na gaskiya, da yake bayana yana cin dabino, ya ce, "Na'am, Umma."

Sai na ji an yi gyaran murya. Ashe sun yi sallama har sun gaji. Ga Baban Sani, ga Yaya, ga wasu dattawan alhazai biyu 'yan garinmu da suka zo gaishe ni. Ni kuwa hannuna tsamo-tsamo a daro, ɗankwali ya zame, faifai a hammata.

"Auta," in ji Yaya a hankali, "wane ne ƙaton banzan?"

Na nuna albasa (har yau ban san me ya sa na nuna ba). Ya kalle ta, ya kalli daro, sannan idonsa ya sauka a kan garwa a kife.

"Ina Zamzam ɗina?"

Jama'a, da ƙasa tana da ƙofa da na shige. Ashe da asuba ya kutsa cikin turereniya ya ɗebo shi, yana jiran ya kai a liƙe masa a gwangwanaye, tsarabar tsofaffin gida. Baban Sani ya juya yana kallon bango, kafaɗunsa suna rawa. Ɗaya dattijon kuwa ya matso ya leƙa daron, ba wasa a fuskarsa, don shi ma jirgin zai saya. "To Hajiya, wanne ya ci?"

Na ce, "Baba, duka sun zubar da Sani." Sai hawaye.

Nan dariya ta tsaya. Yaya ya tsuguna ya tsamo 'yar albasar, ya goge ta da bakin rigarsa, ya sa mini a hannu. "Ɗan masunta ba jirgi ke riƙe shi ba, Auta. Ko wanne muka ɗauka, ƙafarsa ba za ta taka ba sai ya iya iyo. Ni zan koya masa a bakin gaɓa, da gora a ƙirji, kina tsaye kina gani."

Zamzam dai ba a zubar da shi. Haka muka yi ta shan sa, da ƙamshin albasa da ɗan ɗanɗanon sabulu, kowa ya kurɓa sai ya kalle ni ya ce bismilla da ƙarfi. Ni na je na ɗebo wa Yaya wani. Na kuma koyi cewa in ka ga sakka ya yi tsabtar da ba ka san shi da ita ba, to ba sakka ba ne.

Su kuwa har yanzu gardama suke yi, tafiya kuma ta matso. Don Allah, in a cikinku akwai wanda ya taɓa shiga ɗaya daga jiragen nan iska tana kaɗawa, ya aiko ya gaya mini wanne ya fi riƙe yaro. Ni daro ya ƙi gaya mini.