Injiniyan Tufafi da Rigar Malama

A layinmu teloli sun fi a ƙirga, amma Injiniyan Tufafi ɗaya ne, kuma mun gode wa Allah da ya nuna mana zamaninsa. Sauran teloli ɗinka riga suke yi, shi kuwa gina ta yake yi. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa ko a wurin ta'aziyya, don kada a ɗauke shi mutum kamar kowa. Kafin ya taka keken ɗinki sai ya rufe ido ya ɗaga hannu, a yi shiru, ilimi na saukowa. Madubi uku ne a shagonsa, duk kujerarsa suke kallo.

Matarsa malamar makaranta ce, mace mai haƙuri, wadda ta daɗe tana kai ɗinkinta wata unguwa a ɓoye. Sai ga ranar rabon kyaututtuka ta matso. Ita za ta yi jawabin maraba, kuma a ranar shugabar makaranta za ta faɗi malamar da za a tura kwas na ƙaro ilimi. Kowa ya san Malama ce a gaba. Ta sayo yadi shuɗi mai laushi, irin mai talewa kamar na singileti, ta ɓoye a ƙasan akwati. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Injiniya ya zo neman safarsa ya gani.

"Baban yara, doguwar riga kawai nake so, miƙaƙƙiya," in ji ta. "Ba ado, ba komai."

"Miƙaƙƙiya?" Ya dafe ƙirji. "Matar Injiniya ta fita kamar rigar matashin kai? Malama, ke alli kika sani. Yadi magana yake yi, kuma wannan ya ce mini ninki yake so."

Ya shimfiɗa takardar da yake yanka a kanta, ya tsaga ta daga ƙirji har ƙasa, ya buɗa, ya liƙa wata a tsakani don ninki ya sami wuri. Ya ja baya ya duba, ya ga hikimar ta yi kaɗan. Ya sake tsagawa, ya sake liƙawa, har takardar ta sauko daga tebur ta nufi ƙofa. Da yadin ya kasa, ya koma kasuwa ya ƙaro, yana gaya wa masu shaguna su saurari labari.

Shi dai yadi mai talewa ba ya riƙe karin guga. Ka danne shi ya kwanta, ka juya baya ya tashi. Injiniya ya jera ninkin a ƙarƙashin ƙirji kamar mafici, ya kama bakinsu da ɗinki daga sama kawai, ya bi su da dutsen guga yana musu faɗa. A jikin mutum-mutumin shago rigar ta tsaya cak, gwanin sha'awa. Mutum-mutumi kuwa ba ya numfashi, ba ya zama, ba ya karin kumallo.

Gwaji? Ya ce gwaji na masu shakka ne. Sai da safiyar taron ya miƙa rigar, lokacin da babu damar musu.

A gida lafiya lau. A mota ninkin suka fara miƙa. Kafin Malama ta hau dandamali duk sun farka, sun buɗe, sun taru a gabanta sun yi tozo. Tana jan numfashi rigar na ƙara cika. Tana cewa "barkanku da zuwa" iyayen yara mata suna taɓa juna suna murmushi.

Injiniya na sahun gaba da kwat da tef. Ya ga idon kowa a kan rigar, sai kansa ya kusa taɓa silin. Da aka tashi, mata suka yanyame Malama, wannan ta karɓe mata jaka, waccan ta jawo kujera.

"Ashe haka abu ya yi nisa? Allah ya raba lafiya."

Injiniya ya ratso tsakiyarsu yana gyara kwala.

"Aikina ne," ya ce da ƙarfi. "Ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Kuma wannan somin taɓi ne. Duk wadda take so ta same ni a shago."

Wata tsohuwa ta ƙware da lemo. Sauran suka watse suna toshe baki da mayafi, shi kuma yana bin su da katinsa.

Shugabar makaranta ta kama hannun Malama cikin tausayi. "Ƙanwata, me ya sa kika ɓoye mini? A wannan hali ba zan ɗora miki tafiya ba. Na ba malamar lissafi kwas ɗin."

Sai da Malama ta ja ta ofis, ta kama rigar ta baya ta tamke, tukuna shugaba ta ga gaskiya. Ta yi dariya har da hawaye, ta mayar mata da kwas ɗinta. Amma labari ya riga su fita. Suna isa gida suka tarar da uwar Injiniya a ƙofa da ƙullin kayan jarirai, tana fushi an mayar da ita bare.

Malama ta wuce ɗaki. Ta cire rigar, ta ninke, ta haye gidan maƙwabciya mai cikin tagwaye, wadda haihuwa yau ko gobe, kuma duk kayanta sun daina shigarta.

Ta ba ta, maƙwabciya ta saka, rigar ta zauna mata daram. Tun da Injiniya ya buɗe shago, ranar ce awonsa ya fara dacewa da jikin ɗan Adam.